Zauren Harshe: Tsakanin Shahara da Ƙaurin Suna

Huɗu daga cikin wasiƙun da suka iso wannan zaure a watan nan kan abu guda suke kewayawa, wato kalmomin da Bahaushe ke ɗaukowa idan sunan mutum ya wuce ƙofar gidansu. Na tara su wuri ɗaya, kuma na fara da wadda mai ita ya fi shiga damuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin Islamiyya ne a Garwa. A walimar saukar Alƙur'ani da muka yi kwanan baya, ni aka ɗora wa gabatar da manyan baƙi, sai na ce wani Alhaji da ke ɗaukar nauyin marayun makarantarmu "ya yi ƙaurin suna wajen taimakon marayu." Ina rufe baki na ga dattawan sahun gaba sun sunkuyar da kai, wani kuma ya yi gyaran murya. Bayan an watse liman ya ja ni gefe ya ce na zagi bawan Allah a bainar jama'a. Ni kuwa kullum ina jin kalmar a rediyo, na ɗauka ma'anarta shahara ce mai ƙarfi. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Liman ya yi gaskiya, amma kuskuren naka yana da dalili, kuma ba kai kaɗai kake yin sa ba.

Kalmar da ke cikin wannan magana ita ce *ƙauri*, mai ƙugiya a kan harafin farko, wato warin abin da ya ƙone. Shi ne abin da hanci ke ji idan tuwo ya kama a gindin tukunya, ko tsumma ya faɗa murhu, ko ana babbakar kan rago ranar layya. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san halin ƙauri: yana tsallake katanga ba tare da sallama ba, maƙwabta su riga mai tukunyar ji, kuma tambayar farko da za ta fito daga bakinsu ita ce, wace ce ta bar girkinta? Da wannan ne Hausawa suka kwatanta sunan da ya bazu ta hanyar da mai shi ba zai yi alfahari da ita ba. Akwai kuma wata kalma dabam, *kauri*, maras ƙugiya, wadda ake faɗi game da itace ko bargo ko igiya. Tun da wayoyin hannu suka saba wa mutane da rubutu babu ƙugiya, masu karatu da yawa suna ganin "kaurin suna" su fassara wa kansu cewa suna ne ya yi kauri, ya yi nauyi, ya cika wuri. Ina kyautata zaton nan ne ƙafarka ta zame.

Ka sake sauraron labaran rediyon da kyau, za ka ga wuraren da kalmar take fitowa: masu tare hanya da muke kira zargina, dajin da direbobi ba sa son magariba ta riske su a ciki, shingen da aka san ana tatsar fasinja a kansa. Hanya tana yin ƙaurin suna, unguwa tana yi, har magani na jabu yana yi. Ba a taɓa jin mai ciyar da marayu ya yi ba.

Da ka ce Alhajin "ya yi fice wajen taimakon marayu" ko "ya yi suna," da babu mai ɗaga ido. A irin wannan zama kuwa, inda malamai da dattawa suke, ni abin da zan zaɓa shi ne "an shaide shi da taimakon marayu," domin shaida daga mutanen da suka gani da idonsu take fitowa, kuma mai ba da sadaka ya fi jin daɗin a ce an shaide shi da a ce ya shahara. Shahara ita kanta ba ta ɗaukar ɓangare. Ana cewa shahararren malami, ana kuma cewa shahararren ɓarawo, kalmar ba ta ƙi ko ɗaya ba. Abin da take faɗi kawai shi ne mutane da yawa sun ji labarinsa.

Akwai ma mutanen da har yau ba a gama yanke musu kalma ba, kuma misali mafi kusa da mu shi ne Rabe. Ya taso daga ƙasar Sudan, ya ci Borno a 1893, ya rushe Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa, sannan sojojin Faransa suka kashe shi a Kuseri ranar 22 ga Afrilu, 1900. A wannan yaƙin ne shi ma kwamandan Faransawan, Lamy, ya mutu, aka sa wa garin da ke tsallaken kogi sunansa, Fort-Lamy, har zuwa 1973 da aka mayar da shi Njamena. Ka tambayi wanda kakanninsa suka gudu daga garinsu saboda farautar bayi, zai ce maka Rabe ƙaurin suna ya yi. Ka tambayi wanda ke kallonsa a matsayin mutumin da ya ja daga da Turawa, zai ce gwarzo ne. Mai rubutun tarihi da ke son ya tsaya tsakiya sai ya ce "ya shahara," kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi ra'ayinsa ba.

Shawarata, ka je gidan Alhajin da kanka ka ba shi haƙuri, ka gaya masa yadda ka fahimci kalmar. Mai yiwuwa dariya zai yi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai sayar da turaren wuta da humra ce a Njamena, kuma yawancin masu sayen kayana Hausawa ne da ke tsallako gada daga Kuseri, wasu ma daga Marwa suke yin aike. Ɗana ya rubuta mini allon shago da Faransanci, ya sa kalmar *célèbre*. Ina so a ƙara da Hausa, amma mun kasa daidaitawa tsakanin shahararre, mashahuri, fitacce da sananne. Shi ya ce duk ɗaya ne. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ki gaya wa ɗanki cewa dangin juna ne, amma kowanne da ɗakinsa.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne *sananne*, daga *sani*. Mai shayin bakin tasha sananne ne, ungozomar unguwa sananniya ce, kuma babu wanda zai ce sun shahara. Kalmar tana nufin idan aka ambace shi ba sai an yi dogon kwatance ba. Tana kuma da wani amfani da sauran ba su da shi, wato kore shakka: idan aka ce "sanannen abu ne," ana nufin babu mai musu.

*Fitacce* daga *fita* yake, kuma a cikinsa akwai gwadawa da wasu. Mutum ba ya yin fice shi kaɗai a daji, sai a cikin tsara, kamar yadda dogon giginya ke fita a cikin gajerun itatuwa. Idan aka ce Marwa ta yi fice a aikin fata, ana nufin akwai majema da dukawa a wasu garuruwa, amma nata sun ɗara. Shi ya sa wannan kalma ta fi sauran ɗaukar yabo, domin tana ɗauke da hukuncin cewa an duba an ga ya fi. Wanda ya fi har ya bar na biyunsa nesa, shi ne ake ce wa ya yi zarra, ko ya ciri tuta.

*Shahararre* da *mashahuri* kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga Larabci muka aro su, tare da *shuhura*. Ke da kike zaune cikin masu Larabcin Chadi ba baƙuwar kalma ba ce a kunnenki. Tushenta a Larabci shi ne bayyana a fili, kuma daga nan ne Larabawa suka samo sunan wata na ƙidaya, *shahar*, saboda jinjirin wata abu ne da ake fita a duba, a sanar da gari. Bahaushe ya iso wuri guda ta tasa hanyar, da ya yi wa abin da kowa ke ɗaga kai ya gani kirari da "farin wata sha kallo." Bambancin su biyun shi ne, *shahararre* ya shiga ƙirar Hausa sosai, kamar *gyararre* da *wankakke*, don haka yana zama a ko'ina, a kan mutum, ko gari, ko abinci, ko doki. *Mashahuri* bai tuɓe rawaninsa ba. Har yanzu ƙamshin zauren karatu yake yi, ya fi dacewa da malami, ko basarake, ko littafi, kuma idan kika ce "mashahurin turare" za a fahimce ki, amma za a ji kamar an sa wa yaro babbar rigar ubansa.

Tun da mun shiga zaure, bari in tsaya kaɗan, domin malaman fiƙihu sun yi wa wannan kalma wani aiki da ya kamata kowane mai magana ya sani. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke kai, ana bambanta zance *mashhuri* da zance *rajihi*. Na farko, a bayanin da ya fi yawo a bakin malamai, shi ne wanda masu faɗinsa suka yi yawa. Na biyu shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Sau da yawa sukan haɗu a kan zance ɗaya, wani lokaci kuma su rabu. Ashe tun tuni malamai suka gane cewa shahara bakuna take ƙirgawa, auna nauyi kuwa aikin wani ma'auni ne. Wannan ne ya sa Hausa ta ware wasu kalmomi can gefe, irin su daraja, martaba, mutunci da girma, waɗanda mutum zai iya cika da su alhali sunansa bai taɓa ƙetare gadar Ngeli da ke tsakanin Kuseri da Njamena ba.

Akwai kuma kalmomin da kowannensu ya zaɓi abokin tafiyarsa, kuma haɗa su da wani abokin yana sa a gane baƙo. *Hamshaƙi* da dukiya yake tafiya, shi ya sa ake cewa hamshaƙin attajiri. *Ƙasurgumi* ya fi bin ɓarawo da ɗan fashi. *Gawurtacce* yana nuna wanda ya kai inda ba a ja da shi, ko a alheri ko a sharri. Kada ɗanki ya rubuta miki ƙasurgumar mai turare don ya ji kalmar tana da amo.

Game da allon, ga ra'ayina, kuma kina iya ƙin sa. Nahawu bai hana ki rubuta "shahararren turaren wuta" ba. Sai dai a al'adarmu mutum ba ya raɗa wa kansa shahara, kamar yadda jariri ba ya raɗa wa kansa suna ranar bakwai. Wasu ne suke yi masa. Na taɓa tsayawa a layin masu kilishi a Ngaundare ana dab da tashin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na ga wani matafiyi ya wuce tebura uku masu manyan alluna, yana tambayar yara ina teburin wane. Da aka nuna masa, wani dattijo ne a kan benci da faifai biyu da takardar naɗi, babu rubutu ko harafi ɗaya a gabansa, kuma sai da matafiyin ya jira mutum biyar kafin a zo kansa. Hausawa sun ce in ka ji wane, ba banza ba. Ki rubuta sunan da masu aike daga Marwa suka riga suka san ki da shi, ki sa "turaren wuta da humra" a ƙarƙashinsa, ki bar sauran ga bakin mata.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundare. Muna gardama da abokaina a kan wani yaro mai barkwanci a TikTok da ya tara mabiya masu yawa cikin wata uku. Ni na ce ya shahara, wani ya ce tashe kawai yake yi. Shin tashen nan shi ne na watan azumi? Kuma daidai ne a kira shi tauraro?

Amsa: Ɗana, abokinka ya fi ka kunnen Hausa a wannan karon. Tashen azumi, wanda yara ke fara yi bayan azumi ya kai goma, da tashen da ake cewa mawaƙi ko ɗan wasa yana yi, dukansu suna komawa ga *tashi*, amma a magana sun rabu. Na biyun yana nufin lokacin da abu ke kan ganiyarsa, kuma a cikin kalmar akwai sanarwar cewa lokacin zai wuce. Ka lura da abokan zamanta: tashen balaga, tashen kuɗi. Babu ɗaya a ciki da ake sa ran ya dawwama. Ka kuma lura da yadda ake gina jimlar. Ana cewa "yana tashe," aiki ne da ke gudana yanzu, amma ana cewa "ya shahara," abu ne da ya riga ya tabbata. Idan aka ce "lokacin da yake tashe," to an riga an yi masa bankwana cikin ladabi. Ƙanwar tashe ita ce *yayi*, wadda ta fi kama atamfa da ɗinki da salon aski, ko da yake akan ce ana yayin mutum.

Ƙwallo ta fi komai nuna wannan bambanci. Vincent Aboubakar ya fara yin suna a Coton Sport ta Garwa, kuma a lokacin mutanen arewa ne suka san shi. Daren 5 ga Fabrairu, 2017, ina zaune a rumfar wani mai shayi a Garwa, an jingina talabijin a kan buhun sukari, ana wasan ƙarshe na kofin Afirka da Masar a Libreville. Saura minti biyu a cika casa'in ya ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron baya ya buga ta shiga raga, aka tashi biyu da ɗaya, Kamaru ta ɗauki kofinta na biyar. Matasa suka kife benci suka yi titi. Wani tsoho da bai motsa daga wurinsa ba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yau kam yaron nan ya yi suna." Bai ce yana tashe ba, domin ya san an rubuta wannan dare. Ƙwallon da ya ci Birazil a Katar a 2022, wadda ya tuɓe riga a kanta aka ba shi jan kati, ƙari ce a kan abin da ya riga ya samu. Roger Milla kuwa ya ci ƙwallo huɗu a gasar duniya ta 1990 yana da shekara 38, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, kuma yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan haka sun san sunansa. Ka ƙirga 'yan wasan da aka yi yayinsu tsakanin 1990 da yau waɗanda kai kanka ba za ka iya tuno su ba.

Abin da yaron naku yake da shi tabbas shi ne farin jini, wato mutane suna son ganinsa, kuma wannan baiwa ce da ba a saye a kasuwa. Ku ba shi shekara biyar kafin ku sake zama a kan maganar.

*Tauraro* a matsayin sunan ɗan wasa sabon amfani ne da ya biyo harsunan Turai, amma ya samu wurin zama cikin sauƙi, saboda dama Hausa tana cewa tauraron wane yana haskawa, tana kuma cewa ya dushe. Ban ga laifinsa ba. Haka *jarumi* ya baro fagen fama ya koma kan 'yan fim, har ya zama idan aka ce jaruma yau babu mai tunanin takobi.

Wani abu da zan so ku ƙara a gardamarku shi ne *neman suna*. Yin suna yabo ne, neman suna zargi ne, kalma ɗaya ce ta sauya. Malamai suna haɗa shi da riya da *sum'a*, wato yin aiki don a gani ko don a ji, kuma suna kawo hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito mai gargaɗi a kan sa tufafin shuhura. Sana'ar da ma'auninta shi ne yawan mabiya ta sa wannan tsohon zargi a wani hali mai wuya, domin a can neman sunan shi ne aikin.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Marwa. Mun taso muna jin "wane ya yi tambari," yanzu kuma jikokina suna kiran zanen da ke jikin kwalin shayi tambari. Wanne ne na asali?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Naku ne ya riga. Tambari ganga ce ta sarauta, wadda ba a kaɗa wa kowa sai mai gari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamido ranar hawan salla ya san yadda amon kiɗan fada ke isa unguwannin da ba su ga ko ƙurar dawaki ba. Wanda ya yi tambari shi ne wanda sunansa ya yi irin wannan tafiya, ana jin sa daga nesa kuma an san na wane ne. Jikokinku ba su yi ɓatanci ba, sun riƙe rabin ma'anar ne, wato alamar da ake gane mai abu da ita, suka ɗauke ta daga kunne suka mayar wa ido.

Wasiƙarku ta tuna mini wani abu da ke ba ni mamaki a al'adarmu. Mu ne mutanen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, kuma yaro ba ya kiran sunan yayan babansa gatsau. Girmamawa a wurinmu sakaya suna ce. Saboda haka idan mutum ya kai ƙarshen shahara, sai sunan yankan nasa ya koma baya. A ƙasar Hausa idan aka ce Shehu aka yi shiru, Usmanu ɗan Fodiyo ake nufi. Idan aka ce Sardauna ba a ƙara komai ba, Ahmadu Bello ne, ko da yake garuruwa da yawa suna da nasu Sardaunan. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu, nasa sunan bin ƙasa ya yi: akwai jihar Adamawa a Najeriya mai hedikwata a Yola, akwai yankin Adamawa a Kamaru mai hedikwata a Ngaundare, kuma direban da ke kiran fasinja a tashar Marwa yana ambaton sunan sau da yawa kafin motarsa ta cika.